Ciwon "Sai Gobe" a Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Idan saura mako guda a fara jarrabawa, ka leƙa azuzuwan tsohuwar Jami'ar Bayero ko sabuwar da ke kan titin Gwarzo bayan sallar isha'i. Ajin da makonni uku baya ba ka samun kowa a cikinsa da daddare, yanzu babu masakar tsinke. Wani ya zo da goro, wani da fulas ɗin shayi, wata ta lulluɓe ƙafafunta da hijabi saboda sauro. Takardun da ke gabansu tun mako na uku na zangon karatu aka saye su a wurin masu hoton takardu, amma yawancinsu a daren nan ne aka fara buɗe su. Haka abin yake a Jami'ar Northwest, haka yake a jami'ar Wudil, haka yake a duk inda ake karatun digiri.

Waɗannan matasa ba sa wasa da makomarsu. Wanda ke kwana a kan benci yana yaƙi da barci ya damu da karatunsa matuƙa. Ya san tun farko cewa ranar nan na zuwa, ya san ba a fafe gora ranar tafiya, ya sha yi wa kansa alkawarin cewa bana ba zai maimaita na bara ba. To me ya hana shi?

Amsar da muka saba bayarwa a gida ita ce lalaci. Na daɗe da daina yarda da wannan amsa, domin na ga abin a kaina. A shekarata ta ƙarshe na kai wa malamin da ke duba kundin digirina babi na biyu, ya dawo mini da shi ko'ina jan biro. Na sa shi a jaka. Mako shida cur ban buɗe jakar nan ba. A cikin makonnin nan na wanke kayana har da waɗanda ba su yi datti ba, na raka abokai gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure har wajen gari, na taya yayana lissafin shago. Malalaci ba ya wannan zirga-zirga. Abin da ya faru shi ne duk lokacin da na tuna da babin sai gabana ya faɗi, in ji kamar an sake ce mini ban iya ba. Da na ce wa raina "bari sai gobe", sai in ji sanyi nan take. Wannan sanyin shi nake saye kullum, ina biya da kwana guda.

Daga baya na tarar masana halayyar ɗan Adam sun yi wa wannan abu bayani. Timothy Pychyl na Jami'ar Carleton da ke Kanada da Fuschia Sirois sun rubuta a 2013 cewa jan ƙafa, wato ɗage aiki zuwa gobe, dabara ce ta gyara yanayin zuciya na ɗan lokaci: aikin yana tayar da tsoro, ko gundura, ko kunya, ko ruɗani, sai mutum ya kauce wa aikin don ya kauce wa abin da yake ji. Kaucewar tana aiki, kuma nan ne matsalar take. Duk abin da ya kawo sauƙi nan take, rai yana koyonsa da wuri. Gobe idan faɗuwar gaban ta dawo, ya riga ya san maganinta. Ita kuwa ta ƙaru, domin yanzu an haɗa mata da jin laifin jiya.

Akwai addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita yi, wadda yawancinmu muka haddace tun a Islamiyya: neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Na jima ina karanta ta ban lura da yadda aka jera abubuwan nan huɗu a wuri guda ba. Damuwa a kan abin da ke tafe, baƙin ciki a kan abin da ya wuce, sannan hannu ya kasa ɗaukar aiki. Ɗalibin da ya faɗi kwas a aji biyu, yake tsoron sake faɗuwa a aji uku, ya kasa buɗe littafin kwas ɗin, yana zaune ne daidai tsakiyar wannan jeri. Malamanmu na addini ma suna da suna ga ciwon, suna kiransa taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "da sannu zan yi".

Ba namu ba ne mu kaɗai. Piers Steel na Jami'ar Calgary ya tattara ɗaruruwan bincike a 2007, ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa, kusan rabinsu kuma abin ya zame musu matsala ta kullum. Abin da ya fi amfani a aikinsa shi ne abubuwan da ya nuna suna ƙara wa jinkiri ƙarfi: idan mutum ba ya sa ran zai iya aikin, idan aikin ba ya yi masa daɗi, idan yana da saurin bin abin da ya gitta masa, kuma idan sakamakon aikin yana can nesa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna, domin a kansa aka gina tsarin jami'a gaba ɗaya.

Ka tuna yadda muka fara karatu. A makarantar allo, yaro yana rubuta 'yan ayoyi a allonsa, ya zauna ya yi ta maimaitawa, ya je ya biya wa malam. Idan ya iya, a ce ya wanke, a yi masa ƙari. Idan bai iya ba, allon yana nan da rubutunsa, kowa yana gani. Tsakanin aiki da hisabi babu ko kwana biyu. A firamare da sakandare ma akwai mai duba littafinka, akwai mai kiran suna, akwai Umma da za ta ce "ka yi aikin gida kuwa?" Sai yaro ɗan shekara 17 ko 18 ya shigo jami'a, ya zauna a ɗakin lacca tare da mutum ɗari uku ko fiye, malami bai san sunansa ba, a ba shi jerin abubuwan da za a karanta, a ce sai bayan wata uku ko huɗu za a tambaye shi. Gwaji da jinga maki 30 ne ko 40, sauran 60 ko 70 duk suna rataye a kan awa biyu ko uku na rana guda. Babu wanda ya taɓa koya masa yadda zai zama malamin kansa, mai ba kansa ƙari, mai karɓar hadda. Muna kiransa rago alhali an cire masa sandar da ya dogara da ita shekara goma sha biyu, ba a ba shi wata ba.

Sannan ga yanayin garinmu. Da yawa daga ɗaliban Kano a gida suke kwana. Wanda ke Hotoro ko Kurna ko Sheka, kafin ya hau adaidaita sahu biyu ko uku ya kai makaranta ya dawo, rana ta tafi, ƙarfi ya tafi. Ya iso gida babu wuta, ko ɗakin cike da ƙanne. Wani daga lacca Kantin Kwari yake wucewa ko Sabon Gari, domin kuɗin makarantar daga shagon yake fitowa. 'Yar'uwarmu kuwa tana dawowa tukunya ke jiranta, idan matar aure ce ga yara ga miji ga baƙi, ga bikin dangi da ba a isa a ce ba za a je ba, tun daga kamu har yini. A watannin Maris da Afrilu zafi kaɗai ya isa ya hana kai ɗaukar komai daga azahar zuwa la'asar. Ina so a bambance a nan, domin rashin bambancewar yana cutar da mutane: wanda ya rasa lokaci ba mai jan ƙafa ba ne. Jan ƙafa shi ne lokacin ya samu, ka san jinkirin zai cuce ka, ka jinkirta duk da haka. Yarinyar da ta gama wanke-wanke ƙarfe goma na dare barci ya kwashe ta a kan littafi, tsari take buƙata a gidansu da tausayi. Amma kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai shagon nan yana samun awa biyu da babu ciniki, kuma ya san inda awa biyun ke tafiya.

Suna tafiya cikin waya. Da can mai gudun karatu sai ya tashi ya tafi majalisa ko gidan kallon ƙwallo, ana ganinsa, shi ma yana ganin kansa. Yanzu mafakar tana aljihu. Abin da ya fi muni, takardun karatun ma a wayar suke, a zauren WhatsApp na aji aka turo su. Ka shiga don ka sauke darasi, ka tarar da saƙo ɗari biyu, daga nan sai TikTok, ka ɗago kai an kira magariba. Waɗannan manhajoji da gangan aka ƙera su don su riƙe mutum, kamfanoninsu da lokacin da ka ɓata a ciki suke cin riba. Ɗalibi da ƙarfin niyyarsa kaɗai ba zai ci wannan kokawa kullum ba.

Yajin aiki ma ya bar tabo. Na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya rayu cikin wannan ya koyi cewa ranar da aka sa ba lallai ta tabbata ba. Idan aka dawo kuma sai a matse zango, abin da ya kamata a yi a mako 15 a yi shi a guje. Wanda ya saba jira sai ya ga wuta kafin ya motsa, wannan karon wutar ta riga shi.

Akwai maganganun da muke rufe kanmu da su. "Wani jinkirin alheri ne." Gaskiya ne, amma a kan abin da Allah ya jinkirta maka bayan ka yi naka ake faɗarsa, ba a kan babin da ka ƙi buɗewa ba. "Ni sai a matse nake ganewa." Wannan na fi jin ta, kuma an gwada ta. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai a Amurka tsawon zango guda, suka wallafa a 1997. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi kowa kwanciyar hankali da lafiya. A ƙarshensa sun fi kowa damuwa, sun fi yawan rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Wanda ke cewa a matse yake ganewa, yawanci bai taɓa gwada karatu ba a matse ba, don haka ba shi da abin kwatance. Karatun kwana yana iya tsallakar da kai jarrabawar gobe, ban musa ba. Amma tun 1885 Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa abin da aka cusa a zama ɗaya yana zubewa da sauri, wanda aka rarraba maimaicinsa a kwanaki yana zama. Alarammomi ba su jira shi ba, shi ya sa mahaddaci ba ya rabuwa da tilawa. Abin takaicin shi ne kwas ɗin aji biyu tubali ne na kwas ɗin aji uku. Wanda ya haddace ya zubar a takardar jarrabawa ya fito, baɗi zai zauna a aji yana jin kamar da wani yare ake magana, sai tsoron ya ƙaru, gudun ya ƙaru.

Lissafin asarar ba shi da wuya. A ma'aunin maki biyar na jami'a, inda B ke da maki huɗu, ɗalibin da ya yi rajistar kwasa-kwasai masu yunit 20 ya ci B a duka yana da 4.00. Idan ya faɗi kwas guda mai yunit uku, ya koma 3.40, ya sauka ƙasa da 3.50 da ake buƙata don digiri mai daraja ta biyu babba. Ga kwas ɗin zai biyo shi baɗi ya hau kan sababbi. Idan abin ya taru ya zama ƙarin shekara, ƙarin kuɗin rajista a kan mahaifin da ya riga ya gaji, wani ma ya haye shekara 30 kafin ya gama, ya rasa zuwa hidimar ƙasa.

To yaya za a yi? Abin da na gani ya yi aiki, a kaina da a kan ƙannena da suka biyo baya, shi ne mutum ya dawo wa kansa da tsarin allo: ɗan kaɗan, kullum, da wanda za a biya wa.

Ɗan kaɗan ɗin nan da gaske nake. "Zan karanta kwas kaza" ba aiki ba ne, dutse ne, rai yana ganinsa ya ja da baya. "Zan karanta shafi uku na farko in rubuta abin da na gane a layi biyar" aiki ne, yana da baki yana da ƙarshe. Idan shi ma ya yi nauyi, a rage: zan buɗe takardar in zauna da ita minti goma. Faɗuwar gaban nan a bakin ƙofa take tsayawa, da wuya ta bi mutum ciki. Mafi yawan lokuta idan minti goman ya cika za ka ga ba ka son tashi. Kada ka jira sai ka ji sha'awar karatu, sha'awar a bayan farawa take zuwa. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya yi suna da tsarin minti 25 na aiki da minti biyar na hutu. Ba dole sai 25 ba, abin nufi shi ne rai ya san wahalar tana da iyaka.

Kullum ɗin kuwa, mu muna da abin da wasu ba su da shi. Ranarmu a yanke take gida biyar, ladan yana sanar da kowane yanki ko akwai wuta ko babu. Peter Gollwitzer da abokiyar aikinsa sun ba ɗalibai a Jamus aikin rubuta rahoto lokacin hutun Kirsimeti. Waɗanda aka sa suka faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su rubuta, wajen kashi 70 cikin 100 sun yi a kan kari. Waɗanda ba su faɗa ba, kusan ɗaya bisa uku ne kawai. Bambancin "zan yi karatu gobe" da "idan na dawo daga sallar asuba zan zauna a zaure in yi shafi uku kafin in taɓa waya" ke nan. Na biyun ba ya buƙatar sabuwar shawara da safe, an riga an yanke. A Kano kuwa bayan asuba shi ne lokacin zinariya: gari da sanyi, gida shiru, ba a fara aike ba, ba a buɗe kasuwa ba. Awa ɗaya a nan, kwana biyar a mako, tsawon mako 12, awa 60 ke nan, babu kwana a benci ko ɗaya. Sai dai asubar tana da farashi, shi ne a ajiye waya a kwanta da wuri. Wayar kuma a wani ɗaki za ta kwana, ko a hannun Umma. Idan da hali a buga takardun da suka fi muhimmanci, kuɗin hoton takarda bai kai na ƙarin shekara ba.

A bar wa hutu gurbinsa. Makarantar allo ma tana tashi Alhamis da Juma'a. Jadawalin da ya hana ka kallon ƙwallo da zaman majalisa gaba ɗaya ba zai kai mako biyu ba. Wanda ya san ya yi shafukansa na yau yana zuwa majalisa da zuciya sake, shayin ma ya fi daɗi.

Sai wanda za a biya wa, kuma a ganina wannan ne ginshiƙin. Ka sami aboki ɗaya ko biyu, ba goma ba, domin goma hira ce. Ku sa rana, kowa ya zo ya rufe littafi ya bayyana wa ɗan'uwansa abin da ya karanta, ko ku amsa tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Ranar da kuka sa ta zama ƙaramar jarrabawa da ke kusa, kunyar zuwa hannu rabbana za ta yi maka abin da tsoron jarrabawar wata uku ba ta yi. Kuma ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake karanta shi sa shi zama. Masu rubuta kundi su fi kowa kula da wannan. A Jami'ar Waterloo ta Kanada an tambayi ɗalibai kwana nawa ya rage su gama kundinsu, matsakaicin amsarsu kwana 34. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace, suka ce 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55. Ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Don haka duk abin da ka ƙiyasta wa babi, ƙara masa rabinsa, kuma kai da kanka ka ce wa malaminka, "Malam, ranar Litinin zan kawo shafi biyar." Ka ɗaure kanka da bakinka.

Za a karya tsarin, wannan tabbas ne. Za a yi rasuwa, za a yi zazzaɓi, za a yi ranar da kawai ba a yi ba. Abin da mutum ya yi washegari shi ne ke raba masu fita da masu nutsewa. Wani binciken da aka yi a Carleton a 2010 ya gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Dalilin a fili yake: zagin kai yana ƙara wa littafin ɗaci, abin da ya yi ɗaci kuwa shi ake gudu. Mun san wannan a babin tuba, wanda ya yanke ƙauna ba ya dawowa. Ina roƙon iyaye da yayye su ji wannan. "Kai dai ba ka da zuciya" ba ta taɓa sa wani ya buɗe littafi ba. "Zo ka gaya mini abin da ka karanta yau" tana sa wa.

Akwai kuma wanda nasa ya wuce nan. Idan makonni suka shuɗe ɗalibi ba ya jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, wannan ba batun jadawali ba ne, yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. A fara da asibitin makaranta, akwai kuma likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. A haɗa da addu'a, kada a tsaya a ce masa ya daure kawai.

Ni abin da ya fitar da ni daga makonni shidan nan ƙarami ne. Wani abokina ya zo gidanmu bayan la'asar, ya ce in ɗauko jakar. Ya zauna a gefena na buɗe, muka ƙirga gyare-gyaren jan biron ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu na rubutu ne da tsarin kawo madogara, waɗanda ke buƙatar tunani na gaske ba su fi huɗu ba. Na gyara shafi uku kafin magariba. Da safe na tsaya a ƙofar ofis hannuna yana rawa, na yi sallama na ce, "Allah gafarta Malam, na yi jinkiri." Ya karɓa ya duba shafin farko, ya ce, "Ajiye nan. Ka kawo sauran ranar Talata."